TSOHUWAR A-KORI-KURA DA SABON WILI

Kaka ta yi, amfanin gona ya zo gida, kuɗi ya shiga hannun manoma da 'yan kasuwa. A irin wannan lokaci ne masu tsofaffin a-kori-kura masu shan gas su kan tafi Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, su sayo wili mai ƙyalli na sababbin motoci su ɗaura wa tasu. To, gyara dukiya ba laifi ba ne. Amma fa motar gona jakin kaya ce. Abin da ake nema wurin ƙafarta shi ne ta kai buhunan masara kasuwa, ta komo da mutane lafiya. Saboda haka kada a ɗaura mata wili sai an gwada abu huɗu.

Na fari, ramukan noti. Mai sayarwa ya kan ƙidaya ya ce, ai shida ne, naka ma shida ne. Wannan bai isa ba. Toyota Hilux mai jan ƙafa huɗu tazarar ramukanta, daga tsakiyar rami zuwa tsakiyar wanda ke daura da shi, milimita 139.7 ce. Nissan Navara wadda ta fito a 2005 ita ma shida gare ta, amma tazararta 114.3. Wanda ya kai wa mai walda ya buɗa ramin don ya shiga da ƙarfi, ya sayi ajali da kuɗinsa, gama ƙusoshin za su yi ta lanƙwasa a ƙarƙashin lodi har ran da za su karye.

Na biyu, ramin tsakiya. Na Hilux milimita 106 ne da 'yan ɗigo. Na waɗansu motoci bai kai haka ba, sai wilin ya cije a kan cibiya, bai kwanta sosai ba. Ana ɗaure noti a ga kamar ya zauna, alhali kuwa rawa ya ke yi.

Na uku, wurin zaman wilin. Na Hilux daga 2005 ya fi na tsofaffi shigewa ciki. In an ɗaura shi a tsohuwa, ya kan goga ƙarfen birki ko sandar sitiyari. Daga nan sai a ce a sa faranti a baya ya turo shi waje. Farantin nan kuwa ya kan cinye tsawon ƙusa. Ƙusar Toyota kaurinta milimita 12 ne, notinta kuwa ya kamata ya juya sau 8 kafin ya kama. In bai kai haka ba, kada motar ta tashi.

Na huɗu, notin kansa. Wilin ƙarfe notinsa mai tsinin baki ne. Wilin alminiyon na Toyota kuwa nasa mai shimfiɗaɗɗen baki ne da wasa. In an gama ɗaya da notin ɗaya, hanyar burji za ta kwance shi tun ba a je ko'ina ba. Har zaren ma ya bambanta, na Nissan ba ya hawa ƙusar Toyota.

Sa'an nan ga batun taya. Tsohuwar Hilux da yawa 205R16 su ke takawa, sabuwa kuwa 265/65R17. Ta biyun ta fi ta farin tsawo da wajen milimita 40, watau kusan kashi 6 cikin 100. Abin ya yi kaɗan a ido, amma injin gas mai lita 2.4 ko 2.8 wanda ya shekara talatin yana aiki zai ji shi a jikinsa. Da lodi sai mota ta yi nauyin tashi, a hawa sai an komo babbar giya, kulocin ya ci wuya, birki kuma ya rage kamu. Agogo yana nuna 80, mota kuwa tana kusa da 85. Ga kuma boris yana ɗaukar wahalar da ba a yi shi dominta ba.

Masu son sauyi suna da hujja ɗaya mai ƙarfi, ba kuwa za a ƙi ta ba. Tsohon wilin nan mai zobe mugun abu ne: in zoben bai zauna ba ana bugun iska, ya kan yi tsalle ya raunata mai faci, har ya kashe. Taya marar tub kuma in ƙaya ko ƙusa ta soke ta, a hankali ta ke sacewa. Gaskiya ne. Amma maganin wannan shi ne wilin ƙarfe guda, marar zobe, mai inci 16, wanda ya dace da motar. Ƙarfe in ya faɗa rami ya lotse, maƙerin ƙauye ya miƙe shi da guduma, a ci gaba da tafiya. Alminiyon kuwa tsagewa ya kan yi, sai tumatir ya kwana a daji ya ruɓe. Garin neman gira a rasa ido ke nan.

Kuɗin da za a kashe wajen ƙyalli, gara a sa shi a taya ta ƙwarai. A duba jikinta a ga harafin C ko LT, alamar ta ɗaukar kaya ce. Lamba 110 ma'anarta kowace taya tana ɗaukar kilo 1,060, lamba 100 kuwa kilo 800 kaɗai. A kuma duba lambobi huɗu na ranar ƙira: 2318 watau mako na 23 cikin shekarar 2018. Tayar gwanjo da yawa zanenta na nan ras, amma robar ta tsufa.

Wanda ya riga ya sauya, to, ya sauya har da safaya, ya tabbata sifanarsa tana kama sabon notin. In ya yi tafiyar kilomita 50, ya tsaya ya sake ɗaure su duka. Ranar kasuwa a kan ga yara da mata a bisa buhuna a bayan motocin nan, rayukansu kuwa a kan noti shida su ke. Allah Ya kiyaye hanya, amin.