A Fara Darasin Ciki Daga Ragon Layya

A ganinmu, mu da mu ke koyon aikin malanta, kuskure ne a koya wa yara labarin cikin mutum da alli kaɗai. Mun gwada a Kankiya. Muka zana tumbi da hanji a allo, yara suka haddace sarai, amma da muka tambaye su inda tuwo ya ke bi, sai suka yi tsit.

Alhali kuwa ran Layya babu yaron Kankiya ko Kusada da bai tsuguna ya ga fiɗar rago ba. Can ya kamata a fara. A nuna masa hanta da matsarmama, a gaya masa ruwan ɗacin nan shi ke taimakon narkar da mai. A warware hanji, a ce ƙaramin na mutum ya kai ƙafa 20, nan amfanin abinci ke shiga jini; babban kuwa ƙafa 5 ne, yana tsotse ragowar ruwa. Sai dai a yi hattara, tumbin rago ɗaki 4 ne, don yana tuƙa, namu ɗaya tak.

Batun miyau ma, ba yaro lomar tuwo ba miya, ya daɗe yana taunawa, zai ji zaƙi-zaƙi, gama narkewa daga baki ta ke farawa.

Waɗansu malamai sun ce wannan ƙazanta ce. To, amma yaron da ya san ta hanji jiki ke samun ruwa, ran da zawo ya kama ƙanensa da damina ba zai yarda a hana shi sha ba.