Rantsuwar mashayi

A Kona kamar a Tasawa da Mayahi, da wuya a rasa wanda ya san irin wannan mutum: ma'aikaci ko ɗan kasuwa da ya rantse gaban iyalinsa cewa ya bar giya, amma ranar da aka yi albashi, ko ya sayar da buhunan wakensa, sai ga shi ya koma ruwa. Mu mukan ce maƙaryaci ne. Likitoci kuwa suna da ƙarin bayani.

A bayan goshin ɗan Adam akwai sashen ƙwaƙwalwa mai auna riba da hasara, mai tsawata wa zuciya. Hotunan ƙwaƙwalwa da ake ɗauka da na'ura sun nuna cewa shan giya mai yawa, shekara da shekaru, yana sa wannan sashe ya motse. Ashe alƙalin da zai yanke hukuncin bari, shi ne giya take raunatawa.

A 1994, Antoine Bechara da abokan aikinsa na jami'ar Iowa a Amurka sun shirya wani gwaji da karta: wani kashi yana ba da riba babba da hasarar da ta fi ta, wani kuma riba kaɗan mai ɗorewa. Mai lafiya yakan gane da sannu, ya koma ga na biyu. Da yawa cikin waɗanda giya ta kama sukan nace wa na farko har su karye. Ɗan kasuwa ya san sunan wannan: cin uwar kuɗi.

Giya kuma tana hana jiki samun bitamin B1. Idan rashin ya tsananta, sai cutar da likitan Rasha Korsakoff ya bayyana a 1887 ta shigo: mutum ya manta abin da ya yi da safe, ya cike gurbin da labarin da shi kansa ya yarda da shi.

Amma ba a yanke ƙauna. Idan aka bari, cikin watanni ƙwaƙwalwa takan maido da wani abu daga abin da ta rasa. Sai dai wanda ya yi nisa kada ya yanke sha farat ɗaya shi kaɗai: cikin kwana 2 zuwa 3 makyarkyata, farfaɗiya da gane-gane suna iya kashe shi.

Saboda haka, maimakon a sake sa shi rantsuwa, ɗan'uwa ya kama hannunsa zuwa gidan likita na Tasawa ko Mayahi, kafin albashin gaba. Allah ya sa mu dace.