Ranar Hutu Ranar Kwance Ɗaurarre Ce

A cikin mabiya Almasihu akwai waɗansu masu ganin ibada ba ta cika sai ta yi nauyi a wuyan wani. Su ne a kan ga sun murtuke fuska don likita ya rasa sujadar Lahadi yana bakin gadon majinyaci, alhali kuwa a gidajensu 'yar aiki tana bakin murhu tun asuba. Sun riƙe doka sun manta dalilinta, wanda kuwa ya manta dalilin doka, ko ba jima ko ba daɗe sai ya mai da ita bulala.

Sau biyu Attaura ta jera Dokoki Goma, ta kuma ba umarnin Asabar dalili biyu. A Littafin Fitowa, sura ta 20, an ɗora shi kan halittar duniya cikin kwana shida. A Kubawar Shari'a, sura ta 5, an tuna wa Isra'ilawa bautar da suka sha a Masar, aka ce hutun ya game bawa da baiwa, da baƙo, har da sa da jaki. Mai gida ai ba ya bukatar doka kafin ya kishingiɗa. Bawa shi ne ba ya samun numfasawa sai an tsawata wa ubangijinsa. Ashe tun asali dokar nan garkuwar raunana ce.

To, a duba abin da Luka ya kawo a sura ta 13. Wata mace ta shekara 18 a tanƙware, Yesu ya miƙe ta a majami'a ranar Asabar. Shugaban majami'a ya husata, ya nuna wa jama'a akwai sauran kwanaki shida na neman magani. Yesu ya kama shi da aikin hannunsa: shi kansa ya kan kwance jakinsa ranar Asabar ya kai shi shan ruwa, yaya za a bar 'yar Ibrahim a ɗaure?

Kada a yi wa Yahudawa ƙazafi a ce ba su san darajar rai ba. Wajen shekara ta 167 kafin haihuwar Almasihu, mayaƙan Sarki Antiyokus sun hallaka mutum wajen 1,000 da suka ƙi kare kansu don ranar Asabar ce, sa'an nan Matatiyas da jama'arsa suka yanke shawara su yi yaƙi in an auka musu a ranar. Malamansu na baya, waɗanda suka ƙididdige ayyuka 39 da aka hana, su ma sun tabbatar ceton rai ya ture Asabar. Gardamar tana kan cutar da ba ta kisa nan take.

A nan masu tsanani ke da hujjarsu mafi ƙarfi. Suka ce wadda ta jure shekara 18, me dare ɗaya zai ƙara mata? Wannan magana ce ta mai miƙaƙƙen baya, jiki kuwa shi ne magayi. In ranar tunawa da fita daga bauta ba ta dace da kwance ɗaurarre ba, wace rana ce ta dace? Haka aka yi a tafkin Betasda: gurgu mai shekara 38 a kwance ya tashi yana tafiya, masu tsaron doka ba su ga ƙafafun ba, sai tabarmar da ya ɗauka.

Amma fa gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Akwai waɗanda suka fake da labarun nan suka ce an soke hutu, don su mori leburori kwana bakwai cur. Su ma sun kauce. Yesu ya saba shiga majami'a ranar Asabar, bai kuma taɓa warkad da wani don riba ba. Ko Sarki Kustantin na Rum, da ya sa a rufe kotuna da wuraren sana'a ranar Lahadi a shekara ta 321, ya ɗaga wa manoma ƙafa don kada shuka ta wuce su, ya kuma yarda a 'yanta bayi a wannan rana.

Saboda haka ma'aunin ɗaya ne ga mai tsanani da mai sakaci. In rana ta faɗi, a tambaya: wa ya sami sauƙi yau a gidan nan? Likitan da ya wuni a kan majinyaci yana da amsa. Wanda ya wuni da farar riga yana ƙirga laifin maƙwabta, 'yar aikinsa kuwa ba ta ko zauna ba, sai ya nemi tasa.