Kyautar Salla ta hannu

Idan azumi ya kusa ƙarewa, kowane gida sai shirin Salla. Mata suna shafe ɗakuna da farar ƙasa, suna wanke kwanonin jere, suna rataya sabbin faya-fayai a bango. A Birnin Damagaram, har zanen ƙofar gida ake sabuntawa.

Amma yau kasuwa ta cika da furen roba da faifan roba. Yaron da ubansa ba ya da kuɗi sai ya ji kunya, wai ba ya da abin kai wa kakarsa ranar Salla. Wannan kunya ba ta da dalili.

Ga kaba nan a bakin gulbi. Da ita mutanen Madawa suke saƙa tabarmin da suka yi suna. Ana yanko ganyen, a bar zuciyar don ta sake tohowa. Sai a shanya, a tsaga siri-siri, a dafa rabi da karan dafi ya yi ja. Da fara da ja, yarinya ƴar shekara 10 tana iya saƙa mahuci mai kyau. Na farko yakan karkace, ba komi. Yaro kuma ya kankare ƙwarya, ya zana mata ƙadangare.

Gaskiya ne, roba ba ta jin ruwa. Amma ran da ta fashe, sai bola. Mahucin kaba kuwa, idan bakinsa ya kwance, tsohuwa ta kira jikarta ta ɗinke shi.