Waiwaye: Shimfiɗar A-kori-kura da Abin da Ke Ƙarƙashinta

Duk wanda ya yi wayo a Batagarawa kafin a ƙirƙiro Jihar Katsina a 1987 zai tuna cewa tsakaninmu da birni gonaki ne da fili, kuma abin da ke haɗa mu da kasuwannin nesa a-kori-kura ce. Fijo 404 muka fara sani, daga baya 504 ta biyo ta, irin waɗanda kamfanin Peugeot ya riƙa harhaɗawa a Kaduna bayan ya buɗe masana'antarsa a 1975. Ita ke kwasar gero da dawa da wake zuwa Ajiwa da Charanchi da Jibiya, ita ke kai kayan amarya ɗakinta, ita ake tasa da tsakar dare idan naƙuda ta zo da gardama. Har yau mukan tuna ƙararta da direbobinta da kirarin da ake rubuta mata a baya. Abin da ya shige mana duhu shi ne wurin da ƙafafunmu suka riƙa takawa a cikinta, da hannuwan da suka sa wurin nan ya yi shekara da shekaru bai huje ba.

A wancan zamani babu wanda ke zuwa kanti neman shimfiɗar mota. A gaba, inda direba da fasinja ke aje ƙafa, buhun algarara ne ninki biyu, ko tsohuwar tabarmar kaba da aka yanke daidai wurin, ko robar cikin tayar babbar mota da aka tsaga aka baje. A baya kuwa kafinta ake kira ya jera katako a kan bodin, yana barin 'yar ƙofa tsakanin wannan da wancan domin ruwa ya sami hanya. Kayan ba su da kyan gani, amma akwai ƙa'ida a tare da su. Ranar da aka dawo daga kasuwa, yaron mota ba ya zama cin tuwo sai ya fitar da buhunan nan ya kakkaɓe, ya shanya a kan danga, ya share ƙasan motar da tsintsiya, ya sa tsinke ya zungure ramukan da ruwa ke fita ta cikinsu. Idan hadari ya fara haɗuwa a gabas, sai a ɗaga katakon gaba ɗaya a shafe ƙarfen da baƙin mai. Maigida zai zo ya durƙusa ya danna kowace kusurwa da babban yatsa, in ya ji laima sai ka ji ya ce, yaro, maimaita.

Ba a makaranta suka koyo wannan ba. Da yawa daga direbobinmu na farko 'ya'yan masu jakuna ne, waɗanda suka tashi suna kai taki gona a mangala. Mai jaki ya san ba a aza kaya a kan fata tsirara sai da akumari, ya kuma san akumarin da ya kwana a bayan jaki da guminsa shi ke jawo gyambo. Da yamma a sauke, a shanya, a shafa bayan dabba a ji ko akwai inda ya goge. Hankalin nan suka ɗauko suka shigo da shi mota, suka gane cewa abin da aka shimfiɗa don kariya yana iya zama shi ne mai cutarwa in ba a ɗaga shi.

Yau gari ya haɗe da gari. Hanyar Dutsin-ma ta cika da makarantu, ga Kwalejin Ilimi ta Tarayya, ga Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua, ga gidaje a inda muka san kukoki da gonakin gyaɗa. Hilux ta gaji Fijo, tare da Tacoma da Tundra da ake shigo da su daga Amurka. Shimfiɗa ma ta samu ci gaba, har ta fi ta da inganci nesa ba kusa ba. Sai dai mun koma zaɓenta da ido. Mutum zai kai motarsa wurin masu ɗinkin kujeru a manne masa leda mai sheƙi tun daga gaba har baya, ya ɗora kafet mai gashi a kai, ya ƙara wata roba a saman kafet ɗin don kada ya yi datti. A wurin wankin mota a feshe saman da ruwa, a goge, ya yi ta ƙyalli. Ƙasan kuwa ba mai sake ganinsa sai ranar da za a sayar da motar, ko ranar da mai walda ya ɗaga ya girgiza kai.

Yana da kyau mu san abin da ke faruwa a can ƙasa. Ƙarfen da muke takawa a mota ɗan siriri ne, kaurinsa wajen milimita 1, kuma fenti ne kaɗai ke tsakaninsa da tsatsa. Yashin da ke biyo takalmanmu yakan sulale ta gefen shimfiɗa, motar tana tafiya yana gurzar fentin a hankali har ya kai ga ƙarfe. Ruwan damina da ragowar ruwan alwala da na wankin mota su bi ta nan su shige cikin abin nan mai kamar bargo da kamfani ke sawa a ƙarƙashin kafet. Shi kuwa in ya sha ruwa, ga leda ta rufe shi, sai ya yi makonni bai bushe ba. A bayan motar lamarin ya fi tsanani. Takin zamani, ko yuriya ko NPK, yana jan laima daga iska, kuma ɗan abin da ya tsiyaye daga buhu ya isa ya ci ƙarfe. Haka gishiri da kanwa, haka fitsarin awaki da raguna, haka ruwan batir. Motocin da suka yi zama a ƙasashen ƙanƙara kuma, inda ake watsa gishiri a kan titi lokacin sanyi, sau da yawa da tsatsarsu suke zuwa ta ƙarƙashi, sai ta ciki ta tarye ta. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Da yawanmu mun hau irin motar da aka yi wa sakaci. Kana zaune a gaba kana hangen burji yana wucewa ta tsakanin ƙafafunka, jar ƙura tana tasowa tana cika maka hanci, in an shiga kududdufi ka ɗage ƙafa. Muna yara abin dariya muke ɗaukarsa. Amma dattawan tasha ba sa dariya, don sun lura fasinjan irin wannan mota yakan sauka da ciwon kai da jiri. Hayaƙin salansa ne ke shigowa ta ramin, kuma a cikinsa akwai iskar da ba ta da wari ko launi, wadda ke sa direba gyangyaɗi, in ta yi yawa ta yi kisa. Shi ya sa a da, mai sayen a-kori-kura kafin ya saurari inji sai ya ce a ɗaga masa shimfiɗa. Daga abin da ya gani a nan yake gane irin riƙon da aka yi wa sauran motar.

To, ɗan'uwa mai karatu, idan za ka zaɓi shimfiɗar gaba yau, fara da tambayar kanka ina motar ke zuwa. Motar gona da kasuwa da wurin gini roba take so, kafet mai gashi na motar ofis ne. Nemi mai tudun baki kewaye da ita, wadda za ta tare ruwa da laka har ka fitar da ita ka zubar. Ɗaga ta ka ji nauyinta, ka lanƙwasa ta ka saki. Ta kirki za ta koma yadda take, ta banza za ta yi farin layi a wurin lanƙwasar. Shinshina ta, domin wadda ke wari mai hawa kai tun tana kanti, ka auna yadda za ta yi a motar da aka rufe a ranar Afrilu, lokacin da zafin Katsina ke haura digiri 40. Irin wannan ce ke bushewa ta naɗe baki kafin shekara ta zagayo. Juya bayanta ka ga ko tana da 'yan haƙoran da ke kama ƙasa, da ramukan da ake maƙala ta a ƙugiyar da ke gaban kujerar direba. Araha ba ta ado, a nan kuma ba ta tsaro.

Maganar ƙugiyar nan ba ƙarama ba ce. A watan Agusta na 2009, kusa da birnin San Diyego a Amurka, mutum 4 'yan gida ɗaya suka rasu a cikin wata Lexus da ta ƙi tsayawa. Bincike ya nuna an sa mata shimfiɗar roba ta wata mota daban, wadda ta fi wurin tsawo, ita ce ta danne totur ya ƙi dawowa. Bayan haka kamfanin Toyota ya nemi masu motoci kusan miliyan 3.8 a Amurka su cire shimfiɗar gefen direba, kuma Tacoma da Tundra suna cikin jerin. Gargaɗin da aka yi a lokacin har yau yana nan: kada a ɗora shimfiɗa a kan shimfiɗa a gefen direba, kada a sa wadda ba a yanka don motar ba. Bayan ka shimfiɗa sabuwa, kafin ka tayar da inji, taka totur da birki da kuloci har ƙasa ka ga kowanne ya dawo ba tare da ya taɓa komai ba.

Akwai kuma abin da masu saye ta intanet ke yawan faɗawa ciki. Manyanmu suna tuna canjin hannu na 1972, lokacin da Nijeriya ta koma tuƙi ta dama, sitiyari ya koma hagu. Amma ƙasashe irin su Tailan da Afirka ta Kudu, inda ake ƙera Hilux da yawa, har yau sitiyarinsu a dama yake. Shimfiɗar da aka yanka don motocin can, in ta zo nan, gurbin fedoji yana gefen fasinja. Saboda haka a faɗa wa mai sayarwa shekarar motar, da gefen da sitiyari yake, da ko mai gida ɗaya ce ko mai gida biyu, da ko giyar hannu ce ko otomatik.

Bayan motar shi ne inda abincin yake, nan ya fi cancantar a kashe kuɗi. Katakon iyayenmu har gobe yana aiki ga mai ɗaukar bulo da rodi da duwatsu, muddin an ɗaure shi da noti yadda za a iya kwancewa. Roba mai kauri da ake shimfiɗawa a naɗe ta fi dacewa da mai buhuna da dabbobi, don kaya ba sa zamewa a kanta, kofato yana samun abin kamawa, mutum biyu kuma za su iya janye ta su wanke ƙasan. Ga mai raguna da awaki, a ƙara ƙaiƙayi ko busasshiyar ciyawa a kai, a kwashe a ranar. Ga mai takin zamani da siminti, a sa tamfol kafin a yi lodi. Akwai baƙar robar nan mai tauri da ake zura ta ta rufe bodin gaba ɗaya. Tana hana lotsewa, amma kaya suna sulɓi a kanta, yashi da ruwa kuma suna maƙalewa a ƙarƙashinta, don haka ita ma sai an riƙa cirewa ana dubawa. Akwai kuma wadda ake fesawa ta manne da ƙarfen ba ta bar wa ruwa mashiga ba. Ita ta fi daɗewa, da sharaɗin an kankare tsatsa an wanke wurin sosai kafin a fesa, in ba haka ba an binne cuta ne da ranta.

Abu ɗaya game da roba mai taurin nan ya kamata kowane yaron mota ya sani. Kada a cika jarkar fetur tana zaune a kanta. Robar tana hana wutar da ke taruwa a jikin jarka sauka ƙasa, irin wutar nan da ke ɗan tsinkar mu idan muka taɓa ƙofar mota da hunturu. Tartsatsi ɗaya a bakin jarka ya wadatar. A sauke ta ƙasa, a cika, a rufe, sannan a ɗora a ɗaure.

Idan muka haɗa duka, za mu ga iyayenmu da buhu da tabarma sun riƙe abin da mu da roba mai tsada muke saki. Sun san shimfiɗa rabin aiki ce, ɗaya rabin hannun da ke ɗaga ta ne. A-kori-kura a garinmu ba ta mutum ɗaya ba ce, don bayan mai ita akwai direba da yaron mota da 'yan dako da manomin da ke jiran a kai masa amfaninsa kasuwa, kuma a tsadar yau wanda tasa ta ruɓe ba lallai ya iya sayen wata ba. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Kafin ruwan Yuni ya sauka, mu ware rana guda mu fitar da duk abin da ke shimfiɗe a motocinmu, mu wanke, mu bar ƙarfen ya sha rana, mu buɗe ramukan ruwa, mu kankare inda ya fara ja mu shafa masa fentin hana tsatsa. Mu kuma kira yaran da ke bin mu su tsaya a kai, su sa hannu, domin su ne za su riƙe motocin nan bayanmu.