Gigin Da Ya Riga Tsufa Zuwa

Akwai wani akawu da na sani shekaru masu yawa, mutum mai natsuwa da tsare amana, wanda abokan aikinsa suka saba kawo masa lissafin da ya gagare su domin ya warware musu, har ya kai shekara 46 a duniya ba a taɓa rubuta masa takardar tuhuma ba ko sau ɗaya. Sai aka wayi gari ya fara sa lamba a gurbin da ba nata ba, ya ajiye fayil da hannunsa ya rantse bai gan shi ba, ya tambayi magana guda sau uku kafin azahar. A ofis aka ce girman kai ne da sakaci, wasu suka raɗa cewa ya fara shaye-shaye. A gida kuwa aka ce sammu ne, aka sayar da tumaki aka bi masu magani. Takardun tuhuma uku suka biyo juna, ta huɗu ta zama ta kora. Sai bayan shekara ɗaya da rabi wani likita a asibitin koyarwa ya gaya wa matarsa sunan abin da ke damunsa, a lokacin da albashi ya riga ya yanke, kuma kamfanin ya riga ya ba wani kujerarsa.

Hausawa sun daɗe da sanin gigin tsufa, sun kuma tanadar masa uzuri da haƙuri, domin idan kaka ta kira jika da sunan ƙaninta da ya rasu tun zamanin Sardauna, ba wanda zai ɗauka da zafi. Abin da ba mu tanadar wa uzuri ba shi ne irin wannan gigi idan ya sauka a kan mai baƙin gashi, wanda har yanzu shi ne ginshiƙin gida. Likitoci suna kiran cutar mai saurin zuwa idan alamunta suka bayyana kafin shekara 65, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cikin mutum fiye da miliyan 55 da ke fama da cutar mantuwa a duniya, masu irin wannan sun kai kusan kashi 9 cikin 100. Hasali ma matar da likitan nan na Jamus, Alois Alzheimer, ya yi bayani a kanta a shekarar 1906, wadda daga gare ta aka san cutar da ke ɗauke da sunansa, shekararta 51 ce kawai sa'ad da aka kai ta asibiti a birnin Frankfurt. Wani nau'in cutar mantuwa yana biyo bayan hawan jini da toshewar ƙananan jijiyoyin ƙwaƙwalwa, abin da ya yawaita ƙwarai a ƙasarmu. Wani kuma, wanda ya fi kama masu matsakaitan shekaru, yana fara taɓa hali kafin ya taɓa tunawa, har a ga mai kunya ya koma mai ɓaro zance, mai tattali ya koma mubazzari, kuma irin wannan ne ya fi saurin jawo kora, tun da abin da idon shugaba ke gani rashin ɗa'a ne tsantsa.

Tsohon da gigi ya kama yana da shekara 80 ya riga ya aurar, ya riga ya sauke nauyi, 'ya'yansa ne ke ciyar da shi. Amma magidancin da ya kama yana da 45 ko 50, yara suna makaranta, kuɗin haya yana jira, bashin da ya ci domin ginin da bai kai linta ba yana nan, iyayensa tsofaffi suna sa ido a ƙarshen wata, ga shi kuma ma'aikacin gwamnati ba ya ritaya sai ya cika shekara 60 ko ya yi 35 yana aiki, lalle wannan gida ya yi hasara biyu a lokaci guda, domin abincin da yake kawowa ya tsaya, matar da za ta iya riƙe gidan da sana'arta kuma ta koma mai jinya dare da rana.

Ina ganin abin kunya ne a gare mu a ce shari'ar da muke alfahari da ita ta warware wannan mas'ala tun ƙarnoni da suka wuce, alhali ofisoshinmu ba su kai ga fahimtarta ba. Malamai sun haɗu a kan cewa taklifi yana rataye ne da hankali, wanda hankalinsa ya gushe ba a kama shi da laifin abin da ya kuɓuce masa. Fuƙaha'un Malikiyya sun buɗe babi guda na hajaru, inda suka bayyana yadda alƙali zai naɗa wa wanda tasarrufinsa ya raunana waliyyi mai tsare masa dukiya, domin kada a cuce shi, kada kuma ya cuci iyalinsa ba da saninsa ba. To, idan Mahaliccin bawa ya ɗauke masa hisabi a kan sallar da larura ta mantar da shi, da wace hujja manaja zai yi masa hisabin ha'inci a kan fayil ɗin da larurar nan ta mantar da shi?

Dokokin ƙasa kuwa, wasu sun gaza, wasu suna da amfani amma ba a san su ba. Dokar Ƙwadago ta ba ma'aikaci hutun rashin lafiya da albashi na kwana 12 kacal a shekara, da shaidar likita, kuma ta yarda a sallami wanda ya shekara 5 ko fiye da sanarwar wata guda. Kwana 12 kuwa ba su isa ko a gama gwaje-gwajen gano wannan cuta ba. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta taƙaita ga rauni ko ciwon da aiki ya jawo. Inshorar rai da aka wajabta wa masu ɗaukar ma'aikata, wadda ta kai ninki uku na albashin shekara, ba ta fitowa sai bayan mutuwa. Amma dokar hana nuna bambanci ga masu naƙasa, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta haɗa da naƙasar ƙwaƙwalwa mai ɗorewa, ta kuma sa tarar naira miliyan 1 a kan kamfanin da ya saɓa. Haka kuma dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ta hana a sallami ma'aikaci saboda larurar ƙwaƙwalwa kaɗai.

Wurin da nake so mai karatu ya tsaya ya yi nazari shi ne dokar fansho ta 2014, domin a nan ne ƙofar da mutum ya fita ta cikinta take yanke wa iyalinsa hukunci. A ƙarƙashinta ma'aikaci yana zuba kashi 8 na albashinsa, mai aiki yana zuba kashi 10, kuma asali ba a taɓa asusun sai an kai shekara 50. Wanda ya rasa aikinsa kafin nan, iyakar abin da zai iya cira shi ne rubu'in abin da ya tara, shi ma sai ya yi wata 4 bai sami wani aiki ba. Amma dokar ta yi togaciya bayyananniya: wanda aka yi wa ritaya bisa shawarar ƙwararren likita ko kwamitin likitoci, da shaidar cewa ba zai iya ci gaba da aikinsa ba saboda larurar jiki ko ta hankali, yana da damar karɓar haƙƙinsa na ritaya ko da bai kai 50 ba. Da an kai akawun nan asibiti bayan takardar tuhuma ta biyu, da ta wannan ƙofa ya fita, da mutuncinsa da kuɗinsa. A jihohin da har yanzu suke bin tsohon tsari kuwa abin ya fi muni, domin kora tana iya tafiya da fansho da garatuti gaba ɗaya.

Saboda haka ra'ayina shi ne, duk ma'aikacin da ya shekara da shekaru ba a san shi da aibu ba, sa'an nan halinsa ko aikinsa ya sauya ba tare da wani sanannen dalili ba, wajibi ne a aika shi ga likita kafin a zaunar da kwamitin ladabtarwa a kansa, kuma ya kamata a rubuta wannan cikin ƙa'idojin aiki, ƙungiyoyin ƙwadago su riƙe shi kamar yadda suke riƙe batun ƙarin albashi. Asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya suna nan a Kaduna da Kware da Maiduguri, ga asibitocin koyarwa na Kano da Shika. Binciken ma yana iya zama rahama, domin akwai larurorin da ke kama da wannan cuta alhali suna da magani, irin su ciwon damuwa mai tsanani, da raunin maƙoƙo, da ƙarancin wani sinadarin bitamin a jini. Na san masu kamfani za su ce su ba gidan sadaka suka buɗe ba, kuma ba za a bar wa mai mantuwa makullin baitulmali ko sitiyarin tanka ba. Gaskiya ne, ban kuwa ce a bar masa ba. Sai dai a farkon cutar mutum yakan iya aiki na wani lokaci idan an rage masa nauyi, an mayar da shi ga abin da hannunsa ya saba, an haɗa shi da mai duba bayansa. A Ingila dokar daidaito ta 2010 ta wajabta wa mai aiki irin wannan sassauci gwargwadon hali. Wanda aka kora bisa zalunci kuma yana da Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda tsarin mulki ya ba ikon duba rashin adalci a wurin aiki.

Duk wannan magana ta masu albashi ce, alhali mafi yawan mutanenmu tela ne da direba da ɗan kasuwa da manomi, waɗanda ba su da fayil balle fansho, kuma tsarin ƙaramin fansho da aka ƙaddamar dominsu a 2019 bai kai ga galibinsu ba. Ɗan kasuwar da ya fara ba da bashi yana mantawa, jarinsa yakan narke kafin iyali su farga. A nan ya kamata hukumomin zakka da waƙafi na jihohi irin su Kano da Sakkwato da Zamfara su gane cewa gidan da mai ciyar da shi ya rasa tunaninsa ya shiga sahun miskinai, sau da yawa ma har da na masu bashi, ko da akwai tsohuwar mota a ƙofarsa, su kuma yanka masa wani abu na wata-wata, domin jinyar shekaru ce. Su kuma iyali, kada kunya ta hana su zama da majinyacin tun yana gane abin da ake faɗa, a gaban shaidu, a rubuta basussukan da ake binsa da waɗanda yake bi, a san asusunsa da takardun filinsa, shi da kansa ya zaɓi wanda ya amince ya riƙe masa, sa'an nan a tabbatar da haka a gaban alƙali.

Akawun nan yana raye, yana zaune a zaure, wani lokaci yakan ɗauki biro ya jera lambobi a bayan kwali da kyakkyawan rubutunsa na da. Babban ɗansa ya bar makaranta ya kama tuƙin Keke Napep, kuma sau biyu yana kai takardar likita kamfanin, yana roƙon a sauya kalmar sakaci da ke cikin takardar korar mahaifinsa a mayar da ita ritaya saboda rashin lafiya. Har yau ana ce masa ya dawo wani mako.