Dutse Gadawur: Abin Kallo A Ƙofar Gidanmu

Yau filin namu zai taɓa zancen tafiye-tafiye ne, da abin da ya kamata matafiyi ya buɗe ido ya gani.

Abin da ya jawo maganar kuwa shi ne, kwanakin baya wani abokina, ma'aikacin Gwamnati, ya komo daga kwas a ƙasar Malta, ya zo har nan Kafin Hausa don mu gaisa. Ita Malta ƙasa ce ta tsibirai a Bahar Rum, kudu da Italiya, ta sami mulkin kai daga Ingila a 1964, harshen mutanenta kuwa tushensa Larabci ne. Bayan mun sallame La'asar sai ya jawo wayarsa yana nuna mini hotunan babban birninsu, watau Baleta. Ga ganuwar dutse, ga tsohuwar fada, ga wani lambu a bisa ganuwa inda ake hango tashar jiragen ruwa, a nan ne kuma ake harba tsohuwar igwa da tsakar rana, baƙi suna taruwa suna kallo.

An kafa birnin nan a 1566. Faɗinsa duka bai kai murabba'in kilomita 1 ba, mazaunansa kuma ba su kai 7,000 ba. Amma saboda yadda suka tsare kayan kakanninsu, a 1980 Hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya. A 2024 baƙi fiye da miliyan 3 suka ziyarci ƙasar, alhali kuwa mutanenta gaba ɗaya ba su kai 600,000 ba.

Da ya ƙare sai na ce masa, "Alhaji, shekara nawa ka yi kana aiki a Dutse?" Ya ce shekara 12. Na ce, "To, ka taɓa hawa Garu ka ga tsohon gari?" Sai ya yi murmushi, ya ce shi daga ofis sai masauki, ran Jumma'a kuwa sai tasha. Na tabbata ba shi kaɗai ba ne. Da yawa daga cikinmu, 'yan kasuwa da ma'aikata, mun ɗauki Dutse wurin sa hannu a takarda ne kawai da bin sawun fansho. Wannan shi ne abin da Hausawa ke cewa rashin sani, kaza ta kwana a kan dami.

Gaskiya ne Dutse ƙaramar hedikwata ce, don sai ran 27 ga Agusta, 1991 Gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta cire Jihar Jigawa daga tsohuwar Jihar Kano, ta mai da garin mazaunin Gwamna. Amma garin ya girmi Jihar da ɗaruruwan shekaru. Tarihin sarakunan Kano ya nuna Sarki Abdullahi Burja, wanda ya yi mulki daga 1438 zuwa 1452, ya auri 'yar Sarkin Dutse. Ashe ke nan Dutse tana da sarki tun fiye da shekara 100 kafin a aza tubalin farko na birnin da abokina ya je kallo. Haka kuma tarihin ya kawo labarin Sarkin Kano Kumbari, wanda ya hau gado a 1731, cewa ya kai wa Dutse yaƙi, ya koma Kano bai ci garin ba.

To, me baƙo zai gani in ya sauka? Abu na farko shi ne duwatsun da garin ya ci sunansu. Mai tasowa daga wajenmu, bayan ya ratsa jigayi da shimfiɗaɗɗun gonaki, sai kawai ya hango su sun taso, wani a kan wani, kamar da hannu aka jera su. Wanda ya hau su da sassafe lokacin hunturu zai ga garin duka a ƙarƙashinsa, nan take kuma zai gane dalilin da ya sa dawakin Kano suka sha wuya. Masu ba da labarin gari sun ce kirarin nan na Gadawur daga gada ya samo asali, saboda yawan gadar da wani maharbi ya tarar a tsakanin duwatsun.

Na biyu shi ne Garu, watau tsohon gari da ke kan tudu a jikin duwatsun, inda fadar Mai Martaba Sarkin Dutse take. Zane-zanen da magina suka yi wa bangon fadar kaɗai sun isa a yi tattaki dominsu. Marigayi Sarki Nuhu Muhammadu Sanusi, wanda ya rasu a watan Janairu na 2023, Allah Ya jiƙansa, an san shi da son shuka itatuwa da gyaran gari. Wanda kuma ya daidaita zuwansa da bikin Salla zai haɗa da kallon hawa.

Na uku shi ne dabino. Da azumi muna sayen ɗan Agadas da na Saudiyya, amma kaɗan daga cikinmu suka san a Dutse akwai tashar Gwamnatin Tarayya ta binciken dabino, ga kuma itatuwansa jere a gindin duwatsu. Ɗan kasuwa mai hangen nesa ba zai wuce wurin nan bai yi tambaya ba. In ya fito kuma, ga kasuwar mako ta Shuwarin a bakin hanya, inda hatsi da dabbobi ke haɗuwa.

Wanda ke da sauran lokaci sai ya miƙa kudu zuwa Birnin Kudu. A can, a Dutsen Habude da Dutsen Mesa, akwai hotunan shanu waɗanda mutanen dā suka zana a jikin dutse, da kuma duwatsu masu amo kamar kuge in an ƙwanƙwasa su. Wani Bature masanin kayan tarihi, Bernard Fagg, ya bincike su a 1955 ya bayyana wa duniya labarinsu. Mu kuwa da muke maƙwabtansu, mutum nawa ne a cikinmu ya kai 'ya'yansa?

Wani zai ce, ina amfanin kallon dutse ga mai neman abin sa wa a baka? Amfani na farko ilmi ne, don gani ya kori ji. Yaron da aka tsayar a Garu aka ba shi labarin garin ba zai taso yana tsammanin tarihi sai a ƙasar wasu ba. Na biyu arziki ne, don baƙo yakan kwana, ya ci abinci, ya hau mota, ya sayi tsaraba. Hanyar zuwan baƙin kuwa ta samu, tun da akwai Jami'ar Tarayya a Dutse tun 2011, da Jami'ar Jiha a nan Kafin Hausa tun 2013, da filin jirgin sama da aka buɗe a 2014. Na uku, wanda ya fi damuna, shi ne abin da ba a ziyarta ba a tsaronsa. Ginin ƙasa in damina ta yi ta dukansa ba yaɓe, zubewa yake yi. Dutse in mai fasawa ya sa masa nakiya, tsakuwa yake komawa. Zanen da ya daɗe a kogo kuwa, yaro ɗaya da gawayi ya isa ya ɓata shi cikin yini guda.

Saboda haka ina roƙon hukumomi su kafa alluna a wuraren nan da Hausar boko da ajami, su kuma horar da samari 'yan gari su zama 'yan ja-gora. Mu kuma masu zuwa mu riƙe ladabi: a nemi izini kafin a shiga fada ko a ɗauki hoton mutane, kada a rubuta suna a jikin dutse, kada a bar shara, a kuma sallami yaron da ya yi rakiya.

Abokina dai ya yi mini alkawari ran Asabar mai zuwa zai kwashi iyalinsa su hau Garu. Kai ma, ɗan'uwa, in aiki ko fatauci ya sāke kai ka Dutse, ka ware sa'a 2 bayan ka gama abin da ya kawo ka. Allah Ya kiyaye hanya, Ya kai kowa gidansa lafiya, amin. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.

Wassalam.